Ganyen da Amarya Ta Tauna

Tun da mahaifina Baffa ya rasu na ɗauko mahaifiyata Inno daga Roni zuwa gidana a Kazaure, ita da ƙullin kayanta da magenta da take kira Amarya. Da magen nan take cin tuwo, da ita take hira, kuma na tabbata da ita take gulmata.

Ni kuwa ina da wata fulawa mai yaɗo, ganyenta kore da ratsin rawaya. A kwalba na raine ta har ta haye tagar falo. Duk wanda ya shigo sai ya yaba, ni kuma kaina ya yi ta kumbura.

Ran wata Asabar da hantsi na ji salatin Inno. Na tarar da Amarya tana dalalar da yawu, tana ta goge baki da ƙafa.

"Guba ta ci! Nafisa, miƙo manja!"

Ban yi musu ba, don kuwa haka muka taso muka ga ana yi. Inno ta matse magen a cinya, na cika cokali, sai ga sallamar maƙwabcinmu Godswill, ma'aikacin asibitin dabbobi. Ihunmu ne ya jawo shi.

"Mama, don Allah kar a ɗura mata," in ji shi. "Bakinta ya kumbura, man zai iya sarƙe ta ya bi huhu."

Ya duba ƙarƙashin taga, ya tsinto guntun ganye duk sawun haƙori. Ya ce fulawata ce, ganyenta na ƙona bakin mage da na kare. Ya wanke wa Amarya baki da ruwa a hankali, sannan ya tambaya ko akwai nono a gidan.

"Bafulatana kake tambaya nono?" in ji Inno, tana hawaye tana dariya.

Sai bayan azahar Amarya ta yarda ta lasa, zuwa la'asar har ta koma bin Inno kicin. Ni da hannuna na tuge fulawar, ko a jikina.

Da Godswill ya dawo duba ta, Inno ta rasa bakin godiya.

"Ɗan nan, wai me sunan naka yake nufi? Harshena ya kasa shi."

"Nufin Allah, Mama."

Inno ta dubi magen da ke barci a cinyarta.

"To, yau na iya shi."