Makullin da Garth Bai Miƙa Ba

Garth bai ƙi Fergus ba. Ya sha faɗa wa kansa haka tun da suka bar Alice Springs, motar Fergus a gaba, tasa a baya tana shan jar ƙasa. Ai mutum ba ya ƙin maƙwabcin da matarsa ta rasu bara, wanda kuma ya iya gasa burodi a cikin toka bai ƙone ba. Abin da Garth ya kasa haɗiyewa shi ne dariyar matarsa Noelene. Shekara da shekaru yana ba ta labari a bakin wuta, iyakarta ta yi murmushi ta gyara masa ƙarshen. Fergus kuwa ko "ruwa ya tafasa" ya ce, sai ta riƙe ciki.

Ta huɗunsu Beryl ce, yayar Noelene, wadda ke biyo su kowane Yuli, tsakiyar hunturun ƙasar, don ta samu sabon wurin da za ta yi ƙorafin sanyi.

Ranar da za su ratsa kwazazzabo suka yi yadda aka saba: mota ɗaya a bakin gabas, ɗaya a bakin yamma, mutum biyu su shiga ta kowane ɓangare, a haɗu a tsakiya a yi musayar makulli, kowa ya fita ya hau motar ɗan'uwansa ya koma sansani. Hanyar gabas gangara ce, ta yamma hawa. Garth ne ya yi saurin cewa shi hawa ba ya ba shi tsoro. Sai da maganar ta fita ya tuna gwiwar Noelene ba ta son hawa, kuma motar Fergus ce za ta gabas.

"Ni ce rabonka ke nan, mijin ƙanwata," in ji Beryl. "Ka yi haƙuri, ban iya dariya ba."

Da hantsi ƙanƙara ba ta gama narkewa a kan ciyawa ba. Garth ya yi ta hawa yana haki, yana lissafin abin da ake faɗa a ɗaya ɓangaren dutsen. Da rana ta take suka haɗu a bakin wani tafki mai sanyi. Tun daga nesa ya ji dariyar. Da suka matso ya ga jakar Noelene a kafaɗar Fergus, hular ulun Fergus kuma a kanta, koriya, mummuna, ta yi mata kyau.

"Garth, ka san Fergus ya san sunan kowane tsuntsu a nan?" in ji Noelene.

"Su tsuntsayen sun tabbatar?"

Fergus ya yi dariya da zuciya ɗaya, abin da ya fi komai ɓata rai. Ya dafa shayi, ya raba biskit, ya ciro makullin motarsa ya miƙa wa Beryl, ya juya yana nuna wa Noelene wani abu a saman dutse. Bai nemi na Garth ba. Mutumin da ba ya mantuwa ya manta.

Garth ya taɓa aljihunsa. Makullin na nan. A ransa ya hango abin tsaf: za su isa motarsa su same ta a kulle, Fergus ya tsaya yana lalube kamar kowane mahaluki, can sai ga Garth ya zagayo da fitilu a kunne. Ɗan sanyi kaɗan bai taɓa kashe kowa ba. Ya sake taɓa aljihun, ya ɗaga musu hannu.

Hawan ya fi yadda ya yi wa kansa alkawari. Rana ta kusa faɗuwa lokacin da suka isa motar Fergus. Nan Garth ya sa hannu a aljihu ya ce, "Kash!"

Beryl ta dube shi ta dubi makullin. "Wannan 'kash' ɗin tun yaushe kake ɗauke da shi?"

"Ba ni na Fergus, mu zagaya mu ɗauko su."

"Yanzu? Ka san nisan zagayen nan, ka san raƙuma da kangaru na kan hanya da zarar rana ta faɗi. Ni aka ba makulli, sansani zan tsaya. Ba zan mutu don ka yi jarumta ba." Ta kunna mota. "Kwantar da hankalinka. Fergus na da ashana, yana da babbar riga. Zai kula da ita sosai."

Garth bai taɓa jin kalmar "sosai" ta yi masa nauyi haka ba.

Gari na wayewa suka kama hanya. Da suka iso, hayaƙi na tashi a gefen motarsa. Su biyun na zaune a kan kututture ɗaya, kofi ɗaya na yawo tsakaninsu. Ba su yi kama da waɗanda ke jiran ceto ba.

"Ga maigida!" in ji Fergus. "Laifina ne, aboki, ni ban tambaya ba. Amma ka yi rashi. Noelene, gaya masa zancen karen dajin nan."

"A'a, sai wanda ya gani," ta ce, suka sake fashewa.

Beryl ta ja Fergus ya duba mata wata ƙara da ta ce ta ji a taya. Garth ya tsaya da makulli a hannu. Sai a lokacin ya lura da bargon da ke kafaɗar Noelene, ja mai ƙonewar sigari a gefe.

"Wannan bargon a cikin mota yake."

"E."

"Motar a kulle take."

"Akwai wani makulli ɗaure da waya a ƙarƙashinta. Ni na ɗaura, shekarar da ka jefa naka a kogi."

"To me ya hana ku tahowa?"

"Fergus bai san da shi ba. Ya tafi neman itace na ɗauko bargo, na ce masa a kan rufi aka bar shi." Ta ninke bargon a hankali, gefe ya haɗu da gefe. "Na ga hannunka a aljihu jiya, Garth. Na ce tunda mijina ya ga ya dace in kwana a nan, bari in kwana in gani."

"Kin ga me?"

Ta ɗora masa bargon a hannu. Ta gyara koriyar hular a kanta, ta ɗaga murya: "Yaya, ki hau da Garth, gwiwata ta fi son kujerar waccan motar."

Beryl ta shigo ta ja ƙofa. Motar Fergus ta yi gaba, Garth ya bi jar ƙurarta. Ta gilashin bayan motar Fergus yana hango kawuna biyu, ɗaya ya karkata baya, yadda kan mutum ke yi in dariya ta ci ƙarfinsa.