Tsakuwar Gidan Damaris

Marigayi Gershon, ƙanen mahaifina, shi ne ya fara jefa tsakuwa a gora a unguwarmu ta Godogodo, a shekarar 1974, domin kashe gardamar gonar da za a yi wa gayya. Gida biyar, tsakuwa biyar, kowacce da alamarta. Duk safiyar Asabar ana zaro ɗaya, a ga ta wane gida ce, sannan a mayar da ita, domin ya ce ba a barin tsakuwar wani gida ta kwana a waje. Tun da gorar ta dawo hannuna ban sauya komai ba.

Bana, a lokacin tonon citta, tsakuwar Kaleb ta fito sau biyu, ta Azariya sau ɗaya. Damaris, gwauruwa, matar marigayi ƙanena, ba ta da mai taya ta, cittarta kuwa ta kai, ƙasa tana ta ƙara tauri. Sai ta sanar a ƙofar majami'a cewa Asabar ta huɗu tata ce, gora ba za ta tsallake gwauruwa sau huɗu ba.

'Yarta Patricia, mai koyar da lissafi a garin Gidan Waya, ta bayyana mata cikin ladabi cewa muddin ana mayar da tsakuwa, rabonta ɗaya ne cikin biyar, yau kamar makon jiya.

"Mama, gora ba ta tuna abin da ya wuce."

"Ba ta tunawa? Ta girme ki da shekara goma sha biyar."

Patricia ta roƙe ni in ajiye tsakuwar waɗanda suka riga suka samu, wai rabon uwarta zai koma ɗaya cikin uku. Na tunatar da ita cewa a 1988 wani malamin gona ya kawo irin wannan shawara, kuma dattawa sun yi masa godiya, aka ci gaba yadda aka saba.

Ranar Asabar Damaris ta dafa gwaten acca a babbar tukunya, ta dama kunu, ta kai bakin gonarta, kana ta zo wurin zaro tsakuwa ɗaure da zanen zumuntar matan majami'a. Na girgiza gora, na zura hannu. Tsakuwar Kaleb ce.

Ƙamshin gwate kuwa yana isowa har inda muke tsaye. Kaleb ya sosa ƙeya, ya furta cewa gonarsa ba ta da sauran citta ko ta yajin shayi, kuma matarsa ba ta ɗora tukunya ba.

"Baba, in mai tsakuwa ya ga dama, zai iya ba wani ranarsa?"

Na yi nazari, na amsa masa cewa marigayi Gershon bai taɓa hanawa ba. Kafin in rufe baki rabin mazan sun saɓa fartanya.

Da yamma Damaris ta gaya wa 'yarta cewa ai ga shi, Asabar ta huɗu tata ce. Patricia ta buɗe baki za ta musa, sai ta fasa, ta cika shi da gwate.

Abin da aka samu: buhu tara na citta a tsakar gidan Damaris, da tukunya wadda ba ta buƙaci wanki sosai ba. Abin da aka riƙe: tsakuwa biyar cikin gora, da gorar a hannuna.