Tayoyin Sanyi

Da safe aka bugo wa Halliru waya cewa za a yi jana'izar yayansa Abdulsalam bayan azahar a Birmingham. Ya ce to, ya fita ya kankare ƙanƙarar da ta rufe gilashin motarsa.

A shekarun nan da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, ko gishirin narkar da ƙanƙara ba a zuba wa layinsu a unguwar Ardwick ba. Amma tayoyin motar na sanyi ne, masu riƙe hanya a kan ƙanƙara, sababbi fil. Marigayin ne ya matsa masa har ya saya.

"Kai har yanzu da ƙafa kake gwada taya, kamar kana tashar Zariya," in ji shi a lokacin. "In ƙanƙara ta sauka, ka tashi da giya ta biyu, kada ka danne birki, ka ba na gabanka tazara. Gara ka makara."

Haka kuwa Halliru ya yi. Ya wuce motoci uku da suka wuntsila gefen hanya, bai ji komai ba. Bai yi kuka ba, bai ƙara gudu ba. Tafiyar awa biyu ta ci masa biyar.

Da ya isa gidan marigayin a unguwar Handsworth ta Birmingham, sai ya tarar da takalman maza jibge a ƙofa, duk taɓon maƙabarta. Zinatu, matar yayan nasa, ta leƙo.

"Mun jira ka har liman ya ce rana za ta faɗi, sai aka kai shi. Ka dai iso lafiya?"

"Lafiya lau," in ji Halliru. "Ko sau ɗaya ban zame ba."