Waƙar Sati Ta Tashar Kafanchan

Saratu ta fara haɗuwa da Clement ne a shekarar 2017, a ofishin aika kaya da take aiki a unguwar Al Khabaisi ta Dubai. Ya zo aika wata ƙatuwar sifika zuwa Jos, yana ta gardama da mai awo kan yadda za a naɗe ta. Da ya ji Saratu ta amsa waya da Hausa, sai ya bar gardamar ya juyo.

"Ke 'yar ina ce?"

"Kafanchan."

"Ashe ƙanwata ce. Ni ɗan Pankshin ne."

Clement makaɗin jita ne a wani gidan cin abinci da aka ƙawata irin na Amurkar shekarun 1950, da jajayen kujeru da hotunan tsofaffin motoci. Kowace Juma'a da rana shi da wasu 'yan Filifin uku suke kiɗa a can. Ya gayyace ta, ta je tare da Murjanatu, abokiyar zamanta a ɗaki. Bayan sun sauka daga kiɗa ya jawo kujera ya zauna wajensu, jitar na kan cinyarsa.

"Waƙar ƙarshen nan da kuka ji, ba ta 'yan rok an rol ba ce," in ji shi. "Ta iyayensu ce. Da can a hankali ake rera ta, da goge da ƙahoni. Sai yaran suka taso suka ɗauke ta, suka sa mata ganga da jita, suka ƙara mata gudu. Tsofaffi suka ce an lalata, matasa suka ce an raya."

Ya kaɗa musu tsohon salon a tausashe, sannan ya juya shi zuwa sabon. Murjanatu ta yi dariya tana tafi. Saratu kuwa, tsohon salon ya tuna mata da mahaifinta.

Mahaifin nata, Sati, ma'aikacin reluwe ne, mai son jita. Lokacin da aka yi masa canjin wurin aiki zuwa Nguru, ya tsara wa matarsa Clara wata waƙa mai sanyi, yana roƙonta ta jira shi a tashar Kafanchan ranar Asabar. Sau ɗaya ya ɗauke ta a kaset. Ya rasu Saratu na da shekara goma sha biyu. Ranar da za ta taho Dubai, mahaifiyarta ta sa mata kaset ɗin a jaka, ta ce ko ba ta da abin kunna shi, ta riƙe muryar ubanta kusa da ita.

Ta kai wa Clement kaset ɗin bayan wata biyu. Yana da tsohuwar rikoda. Ya saurara sau uku, sannan ya ce, "Ƙanwata, wannan waƙa bai kamata ta tsufa a jaka ba. Mu yi mata abin da yaran can suka yi wa ta iyayensu. Ke za ki rera, ni in kaɗa, sunan Baba ne zai fito a sama."

Fiye da shekara guda suna aikin, kowace Juma'a bayan la'asar, a falon gidan da yake haya da abokansa. Ita ce ta gane cewa baiti na biyu ba ya ɗaukar gudu sai an rage kalma biyu. Ita ce kuma ta ce a bar farkon a hankali yadda Sati ya yi, ganga ta shigo daga baya. Ba ta gaya wa mahaifiyarta ba, tana so sai an gama ta ji kwatsam.

Da korona ta zo aka rufe gidan abincin, Clement ya rasa aiki. Da farko yana amsa saƙo, daga baya sai ya koma "inshallah" kawai, sannan ya daina. Saratu ta ɗauka damuwar biza ce, ta ƙyale shi.

A watan Maris na 2021 ta je kasuwar Murshid Bazaar duba kayan wani ɗan kasuwa. Tana tsaye ana ɗaure katan-katan, sai ta ji farkon waƙar yana fita daga wayar wani mai shago. Ta matsa ta roƙe shi ya nuna mata. Clement ne a bidiyo, da farar kwat, da wata mawaƙiya mai suna Pamela a gefensa. Inda Sati ya kira Clara, sun sa "habibi". A ƙasa an rubuta cewa kalmomi da kiɗa duk na Clement ne.

Ta same shi washegari da rana a wani sabon otal da ya ɗauke shi aiki, yana gwada sifika.

"Ina sunan Baba?"

Ya ajiye wayar jitar. "Saratu, ki fahimce ni. Bizata ta kusa ƙarewa. Mutanen nan sun ce sai mai waƙar kansa za su ɗauka. Me zan nuna musu?"

"To ni fa? Shekara guda ina rera ta."

"Sun ce suna son wadda ta saba da kyamara. Kuma ai haka ake yi tun da can, na gaya miki. Yara su ɗauki ta tsofaffi su sabunta."

"Kai ne ka nuna mini faifan 'yan rok an rol ɗin, Clement. Sunan wanda ya rubuta yana ƙarƙashin kowace waƙa."

Da ta nemi kaset ɗin, ya ce yana cikin kayan da ya bari lokacin da ya tashi daga tsohon gida, zai duba. Ba ta sake ganin kaset ɗin ba.

Kwana huɗu bayan haka mahaifiyarta ta kira. An sa waƙar a wani biki a Kafanchan, tana zaune cikin mata, yara na tsalle da ita.

"Na ji an cire sunana," in ji Clara. "Wa ya ba su?"

Saratu ta yi bayani tun daga farko, har da niyyarta ta yi mata bazata. Ta ce Clement ne ya ci amanarta.

"Ni ban san wani Clement ba," in ji uwar a hankali. "Ke na ba wa."

Murjanatu ce ta taimaka mata suka rubuta ƙorafi ga kamfanin da ya fitar da waƙar. An nemi shaida, ba su da kaset, sai 'yan muryoyin gwaji da ke wayar Saratu. Bayan makonni, aka goge sunan Clement daga wajen kalmomi aka rubuta "waƙar gargajiya". Wasu 'yan gida da suke coci ɗaya da ita da Clement suka zo ba ta haƙuri, suna cewa kada ta zama sanadin korar ɗan'uwa daga ƙasar mutane. Ta saurare su, ta ba su ruwa da dabino, ba ta ce musu to ba, ba ta ce a'a ba.

Clement yana kiɗa a cocin, don haka daga nan ta koma sujadar safe, wadda ba ya kiɗa a cikinta. A watan Disamba ta ɗauki hutun mako uku ta tafi gida. Clara ta tarbe ta, ta tambaye ta hanya da aiki, ta zuba mata gwate. Duk zaman da suka yi, ba wadda ta tayar da maganar waƙar.