Digiri Arba'in da Ɗaya

Ni dai ban iya mayar da kyauta ba, musamman idan ta ci ce. Shi ya sa da direban Haji Nawaz Kalhoro, ɗan kwangilar sabon titin ƙauyukan bayan Shikarpur, ya dire min kwandon mangwaro a ƙofar gida, ban tambayi dalili ba. Lokacin mangwaro kowane ɗan kwangila yana aika wa ma'aikata, kuma wanda ya mayar ya zagi gonar mutum har da kakan da ya dasa ta. Kafin gwangwanin kwaltar Haji ya iso ɗakin gwajinmu, ni da matata da surukata mun ga gindin kwandon.

Aikina ba shi da wuya. In narkar da kwalta in zuba a zobban tagulla biyu. In ta daskare, in ɗora wa kowanne ɗan ƙwallon ƙarfe irin na boris ɗin keke, in nutsa su a ruwan ƙanƙara, in riƙa ɗumama ruwan sannu a hankali. Zafin da kwaltar ta saki jiki har ƙwallon ya lotsa ya taɓa farantin ƙasa, shi nake rubutawa. Ta kirki takan kai wajen digiri hamsin. Ta Haji ta sallama a arba'in da ɗaya, a garin da ko inuwa takan wuce haka a watan Yuni. Ko ba gwaji, hancina ya shaida min an sirka ta da baƙin mai.

Shugabana, Injiniya Mumtaz Abro, ya kira ni ofis, ya sa aka kawo min shayi, abin da bai taɓa yi ba. Ya ce wataƙila ma'aunin zafina ya tsufa kamar mai shi. Ya kuma tuna min cewa akwai kujera babu kowa a wani ɗakin gwaji can cikin hamadar Thar, inda raƙumi ke kawo ruwan sha, ni kuwa ritayata ta kusa. Ban san daga ina bakina ya samo ƙarfin hali ba, na ce a sake gwajin a gaban Haji.

Bayan azahar Haji ya zo, yana ƙamshin turare, ya zauna a kujerata, ya kira sunana haɗe da Sayin, wato ranka ya daɗe a yarenmu.

"Sayin Gulzar, yaya mangwaro? An ce har surukarka ta yi min addu'a."

"Ta yi, Sayin. Ta ce Allah Ya saka maka daidai aikinka."

Ya yi dariya, amma da haƙora kawai.

An ɗauke wuta, na kunna risho. Haji ya ce ɗakin ya yi zafi da yawa, ba a yi wa kwaltarsa adalci ba. Na ce kwaltar tana cikin ruwa, ba ta san abin da ɗaki ke ciki ba. Ya ce ƙanƙarar kasuwa ce, wa ya san da ruwan da aka yi ta. Na ce daga shagon ƙaninsa na saya. Daga nan mu uku muka sunkuya muna kallon kwalbar ruwan da zobban ke ciki kamar masu jiran haihuwa.

Kwaltar ta fara tumbi, ta zazzago kamar majina, ƙwallon farko ya taɓa faranti. Na biyun bai ko bari na ɗaga kai ba. Na juya wa Haji ma'aunin ya karanta da idonsa.

"Ka ci 'ya'yan gonata," ya ce a hankali. "Kowa ya ci ladan kuturu, ai ka san sauran."

"Na ci, Sayin, kuma sun yi zaƙi. Amma zoben nan bai ci ba."

Na rubuta arba'in da ɗaya, na sa hannu da manyan baƙaƙe. Injiniya ya janye takardar, ya ce in fara neman igiyar ɗaure katifa.

Na koma gida a babur ina jin kaina zaki, duk da tumbi da sanƙo. Matata ta tambaye ni ko a Thar akwai likitan da zai riƙa duba ƙafar uwarta. Na ce mata mace ba za ta gane ba, na hana a shimfiɗa wa talakawa alewa a madadin titi. Ta ce to, zaki ya tashi ya ɗauko akwatuna daga saman kabad.

Washegari da sassafe na tuƙa zuwa bayan gari, don in ga hanyar da na ceta kafin a kore ni. Na tsaya wajen wani mai shayi na tambaye shi ta ina za a fara aikin Haji Nawaz. Ya nuna min baƙin titin da na kafa babur a kai, sawun kofaton awaki duk ya lotsa a jikinsa.

Ashe an shimfiɗa shi tun kafin Babbar Sallah, tun gwangwanin kwaltar bai iso ɗakin gwajinmu ba.