Ranar da Tsohon Direba Ya Buɗe Baki

Babu lauyan da ya karɓi ƙarar Mista Dombrowski, tsohon direban bas a unguwar Queens ta birnin New York, don fanshon da dillalin hannun jari ya salwantar masa bai taka kara ya karya ba. Sai aka ba Noemi, ɗaliba mai koyon aikin lauya, ita da malamarta.

Tsohon yana kunyar cewa bai fahimci abin da ya saya ba, in kuwa bai faɗa ba ƙarar ta rushe. Kullum Noemi tana gwada shi da tambayoyin da za a yi masa, yana cewa, "'Yata, da furfurata zan ce an yi min wayo?"

Ranar zama gaban masu sasantawa, lauyan dillalin ya ce, "Ai ka san akwai haɗari, ko?"

Tsohon ya dubi Noemi. "Ban sani ba. Cewa ya yi kamar ajiyar banki ce, na yarda."

Saura ƙiris Noemi ta daka tsalle, malamarta ta danne mata ƙafa. Da suka fito ya ce, "Yaya, ƙaramar lauya, na ci jarrabawar?"

Washegari da safe ta sayi waina mai zaƙi, ta hau bas ta kai masa.