Hannu a Ƙeya

Auta ba ta yarda a taɓa mata ƙeya. Ko ɗiyarta 'yar shekara uku ce ta zagayo ta baya ta rungume mata wuya, sai dai ka ga ta hankaɗe ta, yarinya ta faɗi tana kuka. Abin da ya kai ta wurin likita ke nan, don yarinyar ta fara gudunta.

Dalilin kuwa kowa a gidansu ya sani. Tana ƙarama, duk safiyar da ta tashi da fitsarin kwance, yayanta ne ke damƙe mata ƙeya, ya danna fuskarta cikin jiƙaƙƙiyar katifa, wai ta shaƙa ta yi hankali. Tir da irin wannan tarbiyya!

Likitar ko ƙwaya ba ta rubuta mata ba. Zaunar da ita take yi, ta ɗora tafin hannu a ƙeyarta, ta ce ta ja numfashi sannu a hankali. "Da kin ce ya isa, zan ɗauke." Ta faɗa, a ɗauke. Sati ya bi sati, har kafaɗunta suka fara sauka. Sai likitar ta ce ta riƙa gwadawa a gida, da wanda ta amince da shi.

Auta ta roƙi mahaifiyarta. Ita kuwa Mama duk bayanin nan tausa kawai ta ji, kuma a ganinta hannun tsohuwa me zai yi? Auta na zaune a falo, ta rufe ido tana jira, sai ta ji warin taba da tsamin gumi sun tsaya a bayanta. Yaya ne, Mama ta taso shi daga kan abinci, yana suɗe yatsu.

"Ashe Sarauniyar Katifa ce ba lafiya?" Ya ƙyalƙyale da dariya, ya dafe ta da hannun nan mai maiƙo.

Ƙyama ta kama ta, tasa da ta kanta ma, da ta ji jikinta ya sandare kamar na yarinya. Ta ja numfashi.

"Ya isa."

"Haba, tausa ai sai da zafi." Ya ƙara dannawa.

Ta kai hannu baya, ta kama babban yatsansa ta murɗe, har ya saki ƙara. Ta miƙe tana goge maiƙon da bakin ɗankwali.

"Ke Auta! Yayanki ne fa! Taimakonki muke yi," in ji Mama.

Auta ta dube ta. "Can baya ma ke kike kiransa, Mama. Daga kan katifar ina jin muryarki."